Hannun Baba Mai Washi Ya Fara Rawa

Kafin masu shaguna su gama ɗaga ƙofofinsu, Baba Mai Washi ya riga ya share 'yar kusurwarsa da ke ƙarƙashin matakalar tsohon benen nan, tsakanin mai yankan makulli da mai gyaran takalmi. Zai jiƙa duwatsun washinsa a wani tsohon kwano, ya shimfiɗa tsumma a cinya, ya jera magagari da ƙananan sukudireba a kan teburin da aka tallafi ƙafarsa da guntun katako. Aikinsa duka a kan wuƙar aljihu ne, irin mai naɗewar nan, shi ya sa yake cewa shi ba mutane yake jira ba, aljihunsu yake jira. Tun ina saurayi nake ganinsa a wurin, yau ga furfura a gemuna. To, a makon jiya ya ɗaure kayansa ya koma gida, kuma ba zai dawo ba. Hannunsa na dama ya fara rawa, shi kuwa ya ce ba zai zauna yana miƙa wa mutane abin da zai cinye musu yatsu ba.

Ni mai lambu ne, aikina yi wa itatuwa aure, in yanko reshen wannan in ɗaura a jikin wancan. Wuƙata irin ta da ce, ƙotar ƙaho, baƙin ƙarfe mai saurin tsatsa. Da farce ake jawo bakinta, kuma ba ta da makulli, sifirin, wato siririn ƙarfen da ke bayanta, shi ne kawai yake riƙe ta a buɗe. Abokina mai ɗinkin kujeru, wanda muke kira Dogo, ta zamani yake ɗauka. Farin ƙarfe ce, babban yatsa kaɗai ya isa ya buɗe ta, ta ce ƙas ta kulle kanta, ga ɗan maƙali da ke riƙe ta a bakin aljihu. Mun sha cika wa Baba kunne da musu a kansu.

"Taka ai wuƙar kakanni ce," in ji Dogo. "Kafin ka lalubo ta a ƙasan aljihu, ka karya farce wajen buɗewa, ni na gama aikina har na sha ruwa."

"Taka kuma ranar da ta dakushe sai ka zo kana yi wa dutse kuka," ni ma in rama.

Baba ba ya ko ɗago kai. "Ku biyun nan kun cika surutu. Tsohuwa tana saurin ɗaukar kaifi, tana saurin saki, kuma tana son a riƙa shafa mata mai kamar jaririya. Sabuwa tana wahalar da dutse, amma in ta kama ta kama, gumi bai dame ta ba. Wadda hannunka ya saba da ita, ita ce taka. Ku matsa min daga haske."

Duk wanda ya kawo masa sabuwar wuƙa, tambaya ɗaya yake fara yi masa: "Wacce kake ɗauka kafin wannan?" Da farko na zaci son jin labari ne irin na tsofaffi. Ashe hannun mutum yake tsoro. Wanda ya saba da mai makulli yakan danna tsini da ƙarfinsa ba fargaba, idan ya koma tsohuwa sai ta naɗe masa a kan yatsu. Wanda ya saba da tsohuwa kuma yakan tura bayan ƙarfen da tafin hannu don ya rufe, sabuwa ta ƙi, ya ƙara ƙarfi, hannu ya zame. Don haka Baba ba ya sallamarka sai ka buɗe ka rufe a gabansa, ka sake, ka kuma sakewa, har ya ga hannunka ya gane. Masu gaggawa sun sha yin tsaki su tafi, amma da yatsunsu cikakku suka tafi.

Mai yankan makulli ya ba ni labarin wani mutum da ya zo idanunsa jajir, yana huci, ya ce a wasa masa wuƙa yanzu-yanzu. Baba ya karɓa, ya jujjuya ta, ya ce sifirin ya gaji, sai gobe. Lafiyar sifirin ƙalau. Washegari mutumin ya dawo a sanyaye, ya karɓi abarsa kansa a ƙasa, bai ce a wasa ba. Ni kuma da idona na ga wata mata ta kawo wuƙar mijinta da ya rasu, ta ce a goge ta ta koma sabuwa don ta ba ɗanta. Baba ya cire tsatsar, ya sa mai, amma ya bar kwarmin da babban yatsan marigayin ya ci a jikin ƙotar. Ya ce mata, "'Yata, wannan kam ba ni zan share shi ba." Matar ta sa yatsanta a wurin, ta daɗe tana shafa shi.

Kai ne, Baba, wanda gashin hannunsa na hagu ya ƙare wajen gwada kaifin wuƙaƙen mutane. Kai ne ba ka taɓa miƙa wuƙa a buɗe ba, ba ka taɓa kushe ta talaka don ƙotarta roba ce ba. Mai dutse da ruwa, mai haƙurin zama, mun ci moriyar hannunka shekara da shekaru ba mu taɓa tambayar lafiyarsa ba.

Rawar ta fara a hankali. Mun lura yana dafa gwiwar hannu a kan tebur in zai kama ƙaramin noti, mun ga ruwa yana fantsala in ya ɗaga kwano. Muka yi shiru, shi ma ya yi shiru. Ana nan makullin wuƙar Dogo ya fara sako-sako, ya kawo gyara. Baba ya kwance ta, ya bi harshen makullin da magagari, ya ɗaure, ya buga bayan ƙarfen a gefen tebur kamar yadda ya saba gwadawa. Ta riƙe. Ba a jima ba Dogo yana ɓanɓare ƙusa daga katakon wata kujera, wuƙar ta naɗe a hannunsa. Ta yanke masa jijiyar yatsan nuni.

Da hannu a naɗe da bandeji Dogo ya zo, ba don ƙorafi ba. Ya ce, "Baba, laifina ne. Sau nawa kana hana ni ɓanɓarar ƙusa da ita?"

Baba ya karɓi wuƙar, ya kwance, ya kai harshen kusa da idonsa. "Ba kai ba ne, ɗana. Ga inda na ci ƙarfen fiye da kima. Na ji lokacin da hannuna ya zille, na ce wa raina ba komai."

"Haba Baba, sau ɗaya a duk tsawon zamanka?"

"Yatsan ma ai guda ɗaya ne, kuma ba ni da wani da zan ba ka."

Mun roƙe shi. Na ce ya bar gyaran makulli ya tsaya a washi kaɗai, ya girgiza kai. Autarsa ta zo da motar haya ta kwashe kayan. Mai yankan makulli, wanda suka yi zaman shekaru suna tsokanar juna, ya juya baya yana goge injin da ba ƙura a kansa. Ni dai raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake, domin babu wanda ya gaji kusurwar. Yau wuƙa in ta dakushe a aljihun tebur ake jefa ta a sayo wata. Duk garin nan ba a sami mutum ɗaya da ya ga zaman ya cancanci a koya ba.

Na je gaishe shi a gida. Na same shi a tsakar gida kan kujera, ya danne hannun daman a ƙarƙashin cinyarsa. Na tafi da wuƙata da dutse, na ce ya koya min da baki. "Kwantar da ita kaɗan," yake cewa. "A'a, ka kwantar da yawa. Kar ka danna, bari dutsen ya ci da kansa." Da na ci gaba da kwaɓawa sai hannun ya fito da kansa ya nufo nawa. Ya tsaya a iska yana kakkarwa. Baba ya kalle shi, ya mayar da shi inda yake.

Mun gode, Baba Mai Washi. Allah ya saka maka, ya sassauta maka wannan ciwo. Ku kuma masu sana'ar hannu, ku koyi tsoron da yake ji wa jikin wanda zai riƙe aikinsa, ku koyi ajiye aiki ranar da ya kamata a ajiye, ko da zuciya ba ta so. Ku je ku gaishe shi tun yana nan. Ba zai tambaye ku wuƙarku ba, zai tambaye ku ko yatsan Dogo ya fara lanƙwasawa. Likita ya ce ba zai lanƙwasa ba. Dogo ya roƙe mu kada mu gaya wa Baba, shi ya sa duk wanda ya je sai ya ce da sauƙi. Baba yakan gyaɗa kai, ya ce madalla, sannan ya tambayi mai shigowa na gaba.