Amfilifayar da Ta Ƙi Hannun Babana

Shekarun baya, lokacin da na fara koyarwa a Birnin Kudu, kaina ya kumbura, na ce sai na yi wa mahaifina abin da za a daɗe ana labari. Shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Gwaram tun ban san kaina ba, ga shi muryarsa ta fara ja da baya. Na shiga kasuwa na zaɓi amfilifaya, wato na'urar ƙara murya, wadda ta fi kowace girma, har sai da mai babur ya yi tsaki kafin ya ɗaure ta. Ban nemi shawarar kowa ba, ai ni malamin kimiyya ne.

Na haɗa, na gwada, lafiya lau. Washegari da Azahar Baba ya danna makunni, sai ji kake ƙas! Bireka ta faɗi, wato abin nan da ke yanke wuta da kansa in ta yi masa yawa. Fankoki suka tsaya, masallaci ya yi tsit. Haka aka yi da La'asar. Amma in na'ibinsa ne ya kunna, ko gezau ba ta yi.

Kun san mutanenmu da tsokana. "Malam, na'urar nan fa ta ƙi hannunka!" Baba yana dariya, suna dariya, har da ni. Sai da na dawo gida wata Asabar mahaifiyata ta ja ni gefe.

"Kai ka jajibo abin nan, kai za ka raba mu da shi. Babanka ya ce ranar Juma'a zai miƙa mabuɗin masallaci. Wai ƙila nuna masa ake yi lokacinsa ya wuce."

Na koma Birnin Kudu na ɗauko abokina mai gyaran rediyo. Ko ƙusa ɗaya bai kwance ba, ya ce Baba ya kunna yadda ya saba. Baba ya shiga da bisimilla, ya bi fankoki ɗaya bayan ɗaya, ya tayar da injin ruwan alwala, sannan ya zo kan amfilifaya. Ƙas!

Abokina ya yi murmushi. "Baba, wannan abar in ta zauna a kashe, cikinta wayam yake. Da an kunna ta sai ta zuƙi wuta mai yawa a tashi ɗaya, kamar saniyar da ta dawo kiwo da ƙishirwa. Ƙiftawar ido ne, sai ta natsu. To in ta tarar fankoki da inji sun riga sun ɗauki nasu, sai bireka ta zaci gobara za a yi, ta yanke. Na'ibinka kuwa da ita yake farawa. Kai ma ka fara da ita, shi ke nan."

Baba ya girgiza kai. "Mutane su taso daga gona cikin zafin nan su tarar babu iska babu ruwa, saboda muryata? A'a, ɗana."

Dole abokina ya sa mata wata 'yar na'ura da ke ba ta wuta kaɗan-kaɗan har ta cika. Baba ya sake bin tsarinsa, ya danna. Fitilarta ta kama, fankoki na ta juyawa. Hannunsa na kan makunnin, ya ce a hankali, "Ashe ba ni aka ƙi ba."

Har yau wannan magana ba ta bar ni ba. Tsadar na'urar ban damu da ita ba, dariyar da na taya mutane ita ke damuna. Ina tsaye kusa da shi ina ɓaɓɓaka ta, ban lura cewa tasa iyakarta leɓe ba. Yanzu in na ga dattijo yana dariyar tsokanar da ake yi masa, idonsa nake fara dubawa.

Mabuɗin dai bai miƙa ba. Yana aljihunsa har ranar da Allah ya karɓi abinsa.