Masarar da Ƙawata Ta Gano a Tsohuwar Tukunya

Lokacin da nake haya a Bomo, ɗakinmu ɗaya da wata 'yar Kudancin Kaduna mai karatun tono kayan tarihi. Ni lissafi nake karantawa, amma sai da na haddace labarin wani guntun tukunya da ta tono, don ko tuwo take ci sai ta sako zancensa. Akwai ƙanzo manne a cikinsa, na abincin mutanen da suka mutu tun kafin a san masara a ƙasar nan. Digirinta kaf a kan ƙanzon nan ya rataya, kuma bai cika cokalin shayi ba.

Yadda ta bayyana mini, kankare shi ake yi a jiƙa a asid ya cinye dattin, sannan a leƙa ta madubin ƙara girma a ga ƙwayoyin hatsin da aka dafa. Baiwar Allah ta antaya asid ba tausayi, wai dattin shekara aru-aru ba ya jin lallashi.

Rannan sai ga ta a guje, takalmi a hannu. "Masara! Ke, masara na gani!"

Na ce to, a gasa mana. Ta ce ni jaka ce, abin da ta gano zai birkita tarihin Afirka. Muka hau bas har Sabon Gari ta saya mana tsire, ta buga wa mamarta waya. Ran Lahadi tsohuwa ta miƙe a coci ta ba da shaida, har da rawa.

Malaminta ya leƙa madubin ya daɗe. Ya ce, "Masara ce kam, sabuwa fil. Ina kika samo safar hannunki?"

Ashe mai hoda ta saya a kemis, hodar kuwa garin masara ne, shi ya zuba a ciki tana aiki. Ƙwayoyin gaskiyar, na mutanen da, asid ya narkar da su tas, kuma babu sauran ƙanzo.

Wallahi na yi niyyar tausaya mata, amma dariya ta ƙwace mini har da hawaye. Ta bar ni na gama, tana zaune a bakin katifa. Sannan ta ce, "Wata mata ce fa ta dafa abincin nan. Ƙasa ta ajiye mini ragowarsa duk shekarun nan, ni kuma wuni ɗaya na gama da shi."