Gilashi Arba'in da Uku na Baba Magini

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Mai rayawa da kashewa Ya karɓi ran Baba Magini, wanda unguwarmu ta fi sani da Mai Gilashi. Daga wajenSa muka fito, kuma can za mu tarar da shi ɗaya bayan ɗaya. Bangon gaba na tsohon gidan waya ne ya faɗo masa, ginin da ya shekara arba'in da ɗaya yana kula da shi. Ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu, ya bar matarsa da 'ya'ya biyar da jikoki.

Baba, da yammacin ranar aka karanta sanarwa a rediyo, wai wani tsoho mai taɓin hankali ya kutsa gindin wani ruɓaɓɓen gini da ke daf da zubewa, wai kuma mutuwarsa ta nuna an yi daidai da aka rushe ginin. Na ji da kunnena, ƙurar wurin ba ta ma fita daga gashina ba. Ni ba marubuci ba ne. Mai ɗaukar hoto ne, shagona na kallon gidan wayar shekara ashirin da biyu. Amma ba zan bari a binne ka da wannan ƙarya a kanka ba, ko da yake faɗin gaskiyar zai tona nawa asirin.

Wanda bai taɓa ganin ginin ba, to ya riga ya rasa. Da sassaƙaƙƙen dutse aka yi shi, ya haura shekara ɗari. Gabansa doguwar baranda ce mai baka bakwai a jere, wato ƙofofi masu lanƙwasasshen sama kamar bakan gizo, kowane baka ya dogara da ɗan'uwansa, ga hasumiyar agogo a tsakiya. Da ma'aikatan waya suka koma sabon ofis, sai masu ƙananan sana'o'i suka raba inuwar barandar: teloli mata huɗu, da mai rubuta wa mutane takardu, da Mai Agogo, wanda ke gyaran agogon hannu a kan ɗan tebur a ƙarƙashin baka na ƙarshe. Kai kuwa an sallame ka daga aiki tun tuni, amma ba wanda ya iya gaya wa ƙafafunka. Kullum da safe kana nan da tsaninka da cokalin gini a aljihun baya.

Sunan Mai Gilashi daga aikinka ya samo asali. Duk inda ka ga tsaga a bango, ba ka gaggawar toshe ta. Sai ka yanko ɗan siririn gilashi mai faɗin yatsa biyu, ka gitta shi a kan tsagar, ka kama bakinsa biyu da siminti, ka rubuta lamba da kwanan wata a ƙasa da baƙin fenti. Idan bango ya motsa ko da kaurin silin gashi ne, gilashin zai karye. Idan bai karye ba, tsagar ta tsufa ce kawai, ba ta ciwo ba. Guda arba'in da uku ka liƙa a ginin nan, ciki da waje. A duk shekarun nan, guda biyu ne kaɗai suka taɓa karyewa, a bangon baya, lokacin da bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashinsa. Ka tona, ka gyara, ka sake liƙa wasu, ba su ƙara motsi ba.

Ni kaina na ci moriyar wannan ilimi. Shekarar da bangon ɗakin mahaifiyata ya tsage, ka zo ka duba, ka liƙa gilashinka, ka ce a sa ido. Na yi maka dariya, na ce ashe bango ma yana sa tabarau. Kwana tara gilashin ya rabu biyu. Kana gani ba ka tsaya sallama ba, ka shiga ka goyo tsohuwar a bayanka, tana zaginka tana cewa ka sauke ta ta ɗauko mayafinta. Kafin la'asar bangon ya kwanta a kan gadonta. Kai ka sake tayar da shi da hannunka cikin mako biyu, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina kiranka ɗan iskan da ya sace ta ba mayafi ba.

Ba zan ce kai mai sanyin hali ba ne, don za ka ƙaryata ni. Na ga ranar da ka murɗe hannun wani mai liƙa talla saboda ya buga ƙusa a jikin dutsen baranda. Ka riƙe shi har sai da ya zare ƙusar da kansa, sannan ka zaunar da shi ka saya masa shayi, ka kwashe rabin awa kana nuna masa yadda ƙusa ɗaya ke buɗe wa ruwa hanya. Ni kuma kullum ka wuce shagona sai ka leƙo ka ce, "Mai Hoto, yau wa ka yi wa ƙaryar kyau?"

Yanzu ga nawa laifin. A farkon shekarar nan labari ya bazu cewa an ba wani ɗan kwangila filin, zai yi rukunin shaguna da wurin ajiye motoci, an kuma kafa kwamitin da zai duba ko ginin na da sauran ƙarfi. Ka zo shagona da murnarka, ka ce ai magana ta ƙare, kana da shaidu arba'in da uku. Ka ce in ɗauki kowane gilashi daga kusa, su gani da idonsu babu wanda ya karye.

Na yi aikin kamar yadda na saba. Gilashi yana mayar da haske, yana ɓata hoto, don haka duk mai sana'armu ya san ba a fuskantarsa kai tsaye. Na zo da sassafe, na tsaya daga gefe, na bar hasken rana ya shafi bangon a karkace. Ƙyallin ya tafi, na ji daɗin gwanintata. Abin da ban lura da shi ba shi ne, da ƙyallin ya tafi, gilashin ma ya ɓace, don ba shi da launi. Hasken gefen kuma ya cika kowace tsaga da baƙar inuwa. Tsagar da allura ba za ta shiga ba ta fito a takarda kamar kwazazzabo, tunda ban sa komai kusa da ita da zai nuna girmanta ba. Na wanke su, na buga hatimin shagona a baya, na ba ka a ambulan. Idonka ya riga ya yi rauni, ka yarda da ni, ka kai musu ba tare da ka duba sosai ba. Ranar zaman kwamitin ma ban raka ka ba, na tafi ɗaukar hoton wani taro.

Bayan mako uku rahoto ya fito. Hotunana ne daga shafin farko har na ƙarshe, an rubuta a ƙasa: manyan tsagogi arba'in da uku, ginin ya ruɓe, haɗari ne ga jama'a. Babu ɗan kwamiti ɗaya da ya taka ƙafa ya zo ya taɓa bangon. Na san da ma abin da suke nema ke nan, amma ni na miƙa musu wuƙar. Da na zo ba ka haƙuri, na kasa haɗa ido da kai. Ka daɗe kana juya takardun, sannan ka ce, "Kai abin da ka gani ka ɗauka. Ni ne ban ce ka sa yatsana a gefe ba." Da ka mare ni da ya fi mini sauƙi. Na sake ɗaukar wasu hotunan, na kai ofishinsu sau huɗu, aka ce an rufe fayil.

Ranar Litinin, kwana biyu kafin rasuwarka, aka sauke ƙarti cike da mota biyu, kowa da gora ko guntun ƙarfe. Ba su ce wa kowa ya tashi ba, duka kawai suka fara. Suka kifar da kekunan ɗinki a kan titi, suka ja wata tela da gashinta daga wannan baka zuwa wancan, tana riƙe da rigar wani da ba ta gama ba. Mai rubuta takardu suka fasa masa kai da nasa kujerar. Mai Agogo ya sunkuya yana tattara agogunan mutane, wani ya sa masa takalmi a baki, haƙora uku suka zube a cikin akwatin kayan aikinsa. Kai kuma ka saƙala hannunka na hagu a ƙarfen babbar ƙofa ka ƙi saki. Suka yi ta dukan hannun. Daga bakin shagona, tsallaken titi, na ji ƙarar ƙashin. Suka ja ka a ƙasa suka yar a bakin kwata, jini na bin gemunka. Na tsaya da kyamara a wuya, ban ɗauka ba, ban kuma tsallaka ba sai da suka tafi. Wannan ma ina neman gafararka a kai.

Ranar Laraba sai ga ka da hannu a rataye a wuya. Babbar 'yarka ta ɓoye maka takalma don kada ka fito, ka zo da silifas ɗin jikarka. Ka tarar katafila ta iso, an ɗaura igiyar ƙarfe a ginshiƙin ƙarshe na barandar. Titi kuwa a buɗe, motocin haya na sauke mutane, waɗanda aka kora ranar Litinin sun baje kayansu a bakin hanya don ba su da wani wurin. Ka nufi injiniyan da ke kula da aikin rusau ɗin, ina biye da kai.

"Ɗana, kada ku ja wannan," ka ce masa. "Shi ke riƙe da baka bakwai ɗin nan. Daga sama ake sauke irin wannan gini. In kun ja shi, titi bangon zai nufa."

Bai ko ɗago daga wayarsa ba. "Baba, gini ne ruɓaɓɓe, yana cikin rahoto. Ana taɓa shi zai zube a inda yake. Ka matsa."

"Ruɓaɓɓe ne ke zubewa a inda yake," ka ce. "Wannan lafiyarsa ƙalau. A dunƙule zai faɗo."

Ya ɗaga wa direban katafilar hannu. Sun faɗi ƙaryar har su ma sun yarda da ita, shi ya sa ba su tare hanya ba.

Abin da ka yi daga nan, shi ne rediyo ya kira hauka. Ka fizge gorar ɗaya daga cikin ƙartin da ke gadin wurin da hannu ɗaya, ka faɗa cikin mutane kana duka. Ka doki fasinjoji, ka doki telolin da ka sani shekara da shekaru, ka harbar da tiren wata mai lemo, ka bi ta da gudu. Ba lokacin bayani, kuma ka san mutanenmu, in ka ce su gudu tsayawa za su yi su tambayi dalili. Ni ma ka shimfiɗa mini ɗaya a kafaɗa, har yau shatin na nan, ina kuma roƙon kada ya goge. Cikin minti biyu titi ya zama fayau, ana zaginka daga nesa. Saura Mai Agogo, da kumburarren bakinsa, yana durƙushe yana tsince agogunan da suka watse. Ka koma. Ka cafki wuyan rigarsa ka wurga shi gaba, shi da akwatinsa.

Igiyar ta miƙe, ginshiƙin ya fita. Bakunan suka bi juna, bangon ya karkato gaba ɗayansa, har da hasumiyar agogon, ya rufe titin daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙasa ta girgiza, tagar shagona ta tarwatse. Da ƙura ta lafa, babu katafila mai motsi, babu injiniya, ƙartin sun tsere. Mu muka tona da hannu, awa huɗu. Ba zan faɗi yadda muka same ka ba, saboda iyalinka za su karanta wannan. Zan dai ce gorar na gefenka, kuma a wurin da mutum sama da sittin suke tsaye minti uku kafin nan, gawa ɗaya aka ɗauka.

Muna cikin tonon ne na ci karo da wasu duwatsu biyu daga bangon ciki, har yanzu a manne da juna, fuskarsu na kallon sama. Tsaga ce siririya a tsakaninsu. A kanta ga gilashinka, lamba goma sha bakwai, da kwanan watan da ka rubuta shekara ashirin da shida da suka wuce. An ja ginin da igiyar ƙarfe, an buga shi da ƙasa, gilashin bai karye ba. Ni da Mai Agogo muka ɗora shi a baro muka kai shagona kafin motocin kwashe baraguzai su iso.

Bayan an yi maka sutura da kwana uku, babbar 'yarka ta zo shagon. Na gaya mata komai game da hotunan, ban rage ba. Ta ce ka riga ka gaya musu a gida, ka kuma hana kowa ya ɗaga mini maganar. Ta durƙusa gaban dutsen ta daɗe tana kallon rubutun hannunka, sannan ta ce, "Kawu, ɗauko kyamararka. Wannan karon ka tsaya ta gaba." Ta ɗora yatsanta a gefen tsagar. Wannan hoton ne a saman rubutun nan. Gilashin na ƙyalli har ya ɓata rabin hoton, kuma ban gyara ba.

Ya Allah, bawanKa ya zo maka da karyayyen hannu. Ka jiƙansa, Ka yafe masa zafin zuciyarsa, Ka sa kowane duka da ya yi a titin nan ya zame masa lada. Ka faɗaɗa kabarinsa, Ka ba shi gidan da ba a rushewa. Waɗanda suka sa hannu a rahoton, da waɗanda suka aiko ƙartin, da wanda ya rubuta sanarwar rediyo, Ka san su, mun bar su da Kai. Ni ma Ka san nawa, Ka yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, matarsa da suka shekara arba'in da takwas tare, da 'ya'yansa da jikokinsa, da Mai Agogo wanda har yau bai iya buɗe akwatinsa ba, da duk wanda ya sha gora ranar Laraba ya koma gida da ransa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Dutsen yana nan a bakin shagona, daga safe har magariba. Duk wanda ya ji sanarwar nan ya gaskata, ya zo ya sa yatsansa a kan gilashin.