Turbar da Ta Ratsa Filin Jirgi

A shekarun da kuɗin mai suka fara zuba, kowane ƙauye ya samu rabonsa. Wasu rediyo suka samu, wasu rufin kwano, mu kuwa a gefen Daudawa filin jirgi aka kawo mana, abin da ba mu roƙa ba. Aka share wata doguwar gona, aka zuba marmara aka daddaɓe, don ƙaramin jirgin da ke yi wa auduga feshin maganin tsutsa. Wanda ya auna filin bai tambayi kowa ba. Da ya tambaya, da an gaya masa turbar da ke zuwa daga Tafoki ta tsakiyarsa ta bi. Mutane suka ci gaba da bin turbarsu kamar yadda iyayensu suka bi.

Maigidana aka ɗauka gadin filin, aka ba shi usur da jan ƙyalle a kan sanda. Wanda ya koya masa aikin ya taɓa zama a babban filin jirgi na birni, inda ya ce jirage na sauka kamar motoci a tasha. Doka ɗaya ya yi ta nanata masa: in jirgi ya juyo zai sauka, duk abin da ya taka filin, akuya ce ko hakimi, a busa masa usur a kore shi da gudu. A lokacin feshi jirgin kan sauka ya ɗauki magani ya tashi ba adadi, daga hantsi zuwa la'asar, har muka daina ɗaga kai. Maigidana ya riƙe aikin da gaske. Ya kori shanu, ya kori masu shanyar barkono, ya taɓa korar jakin liman da liman ɗin a kai, suka yi mako ba sa gaisawa.

Mutum ɗaya ce a duniya ba zai iya ɗaga wa murya ba, mahaifiyata, Inna. Kowa na jin kunyar suruka, amma tasa ta wuce misali. Shekara bakwai da aurenmu bai taɓa kallon fuskarta ba. In ya hango ta tafe, sai ya tuɓe takalmi ya ratse cikin dawa, ya tsuguna ya gaishe ta daga bayan kara. In tana cikin gida ko ruwa ba ya sha. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗin abin nake ji. A bakin rijiya nakan ba mata labarinsa ina dariya, a raina ina cewa na fi su miji.

Inna cikin Maguzawa aka haife ta. Ta musulunta tun kafin a haife ni, amma ba ta taɓa yarda ta ɗora kaya a ka ba. A kafaɗa take ɗauka irin na gidansu, ƙwarya ta tokare mata kunne ta rufe gefen fuska guda. Ga shi kuma jinta ya fara nauyi. Mun sha roƙonta ta riƙa zagayawa ta bayan filin, takan ce, "Turbar ga na bi aka kai ni ɗakin miji. Jirgi shi ne baƙo, shi ya kamata ya zagaya."

Na yi haihuwa ta uku ana tsakiyar feshi. Ina kwana goma sha biyu da jego ta taso daga Tafoki da ƙwarya cike da gero da kanwa da yaji, don kununa. Ina bayan ɗaki ina wankan ruwan zafi na ji ƙarar jirgin ta canza. Kullum in zai sauka lafawa take yi, amma ran nan sai ta yi wani irin kururuwa, sannan ta ɗauke ɗif. Usur kuwa ban ji ba, alhali daga gidanmu ana jinsa sarai.

Matan da ke cirar gyaɗa a gefen filin su suka ba ni labari daga baya. Jirgin ya riga ya yi ƙasa sa'ad da Inna ta fito daga cikin dawa ta hau filin, ƙwaryar tana gefen da yake tahowa. Maigidana na tsaye, bai fi taku arba'in da ita ba. Suka ce ya ɗaga jan ƙyallen, ya sauke. Ya sunkuya ya tuɓe takalmansa. Sannan ya nufe ta da sassarfa, kai a ƙasa, yana cewa, "Inna, a yi haƙuri, a ɗan koma baya," da muryar da ko mai lafiyar kunne ba zai ji ba. Matuƙin ya gan ta a makare, ya karkatar da jirgin iya ƙarfinsa har ya faɗa gonar gyaɗa. Bakin fiffike ya ɗauki ƙwaryar, ya haɗa da kafaɗar.

Maigidana ne ya goyo ta zuwa gida, ranar ya fara taɓa ta. Muka kira mai ɗori, washegari muka samo mota muka kai ta asibiti, aka ce bugun ya shiga ciki. Muka dawo da ita ta kwana huɗu a ɗakina. Ko sau ɗaya ba ta ɗora masa laifi ba. Ta ce da ni, "Ɗiyata, kar ki bari a kore shi aiki. Yaron kirki ne, na ga ƙahwahunshi ba takalmi." Babu maganar da ta ƙona mini rai kamar wannan, don na san yabonsa take yi. Ta rasu ranar Talata da hantsi, jinjirina na kwance a gefenta.

Masu filin suka zo suka yi tambayoyinsu, suka sallami maigidana, suka kafa shingen ƙaya a bakin turbar. A gari babu wanda ya zarge shi. Masu zuwa gaisuwa suka ce ƙaddara ce, dattawa har suna ƙarawa da cewa samun mai tarbiyya irinsa sai an tona. Ni kaɗai nake fama da haushi, ba kuma wanda zan gaya wa. In na kalle shi, uwata nake gani a ƙasa. Yayyena maza suka zo daga Faskari suka ce in zaman ya gagare ni, gida na nan. Na ɗaure kayana na tura ƙarƙashin gado, na ce sai an yi sadakar arba'in.

Ranar arba'in ɗin, bayan baƙi sun watse da la'asar, na same shi zaune a gindin rumbu. Tun rasuwar ban yi masa maganar da ta wuce ta abinci ba. Na ce, "Malam, mi ya hana ka busa?"

Ya ce, "Usur ɗin na bakina. Har na ja numhwashi. Sai na ga ita ce."

Na buɗe baki in faɗi duk abin da na tara. Sai na tambayi kaina: da ya busa, ya daka mata tsawa, ya fizgo ta kamar akuya a gaban matan gari, ta tashi lafiya tana kakkaɓe zane, me zan yi? Na san amsar, ba sai an gaya mini ba. Da a ranar zan yi yaji, in ce ya wulaƙanta uwata.

Na koma ɗaki na kwance kayan. Muka ƙara shekaru masu yawa tare, muka aurar da 'ya'ya. Ban taɓa ce masa na yafe ba, don har ya koma ga Allah ban gano wanda ya kamata ya roƙi wani a cikinmu ba.