Tafiyar Ganin Dorina da Ta Raba Ajinmu

Edita, ina gaishe ka da aiki, da duk masu karanta wannan shafi. Ka yi haƙuri da rubutuna, da girma na koyi riƙe biro.

Ƙarshen damina ne na shekarar 1987, an yanke acca, citta ba ta isa tono ba. Shekara ce mai nauyi a Kafanchan. Rikicin da aka yi a farkonta ya wuce, an share toka, kasuwa tana ci, amma gaisuwa ta gajarce. Mutumin da kuka saba tsayawa ku tambayi juna yara sai ya ɗaga maka hannu daga nesa ya wuce. A lokacin ina da yara biyar, ina sayar da kunu a bakin tasha, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a wata firamare. Ni ba mai yawan magana ba ce. A gidanmu an koya mini cewa babba idan ya faɗi magana ba a ce masa a'a a fuska, sai a ce to, daga baya a san yadda za a yi. Da wannan to ɗin na yi aure, da shi na zauna lafiya da dangin miji, ban taɓa tunanin zai iya ɓata wani abu ba.

Mu ashirin da wani abu ne a ajin, Kirista da Musulmi. Kafin rikici kowa tana zama inda ta samu benci. Bayansa, ba wanda ya ce a yi, sai ga matan Musulmi a gefen taga, mu a gefen ƙofa. Mutum ɗaya ce ta ƙi bin wannan tsari, wata Hajiya mai sayar da atamfa, wadda kakanninta ma a garin aka haife su. Takan tsallako ta zauna kusa da ni, ta ce ita bencin da ta saba ta sani, kuma ni kaɗai ce ba na mata dariya idan ta juya harafi baya. Ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ina kiranta Yaya Hajiya, tana kirana ƙanwata.

Wata rana Malamarmu ta kawo tsohuwar kalanda ta Turawan mishan don mu koyi karanta watanni. A wani shafi akwai jirgin ruwa fari ƙato a gaban dutsen ƙanƙara, a wani kuma kifi ya fito da wutsiya wadda ta fi ɗakina faɗi. Malama ta ce a ƙasashensu mutane kan shiga jirgi kwana da kwanaki don kawai su ga waɗannan abubuwa. Hajiya ta ce lallai aikin yi ya ƙare musu. Wata a gefenmu ta ce ai wannan irin kifin ne ya haɗiye annabin nan, matan taga suka ce su ma sun san labarin, aka yi dariya gaba ɗaya, wadda rabon a yi irinta tun kafin bikin Ista. Malama da ta ga haka sai ta ce me zai hana mu ma mu yi tamu tafiyar, mu je mu ga abin da Allah ya ajiye a ƙasarmu.

Nan aka fara. Hajiya ta ce a je kogin Binuwai a shiga jirgin ruwa a ga dorina, domin mahaifiyarta ta sha ba ta labarinta, ita kuwa ba ta taɓa gani ba. Matar fastonmu, wadda ita ma 'yar ajin ce, ta ce a je Farin Ruwa, can wajen Wamba, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse kamar an shanya farin zane. Kafin a rufe baki, duk gefen taga sun zama masu son dorina, duk gefen ƙofa sun zama masu son ruwa. Har wadda ke tsoron tsallake kwata ta ce ita sai jirgi. Malama ta ce a ba mutum ɗaya ta bincika ta tsara hanya da rana, aka ce ni ce Sakatare, don rubutuna ya fi fita kuma ba ni da abokiyar faɗa. Sharuɗɗan su ne ba Juma'a, ba Lahadi, ba kuma kwana a hanya, domin a wannan shekarar babu mijin da zai yarda matarsa ta kwana a wani gari.

Na je tasha na sami wani dattijon direban bas da ke bin hanyar Lafiya. Mutumin nan bai ɓoye mini komai ba. Ya ce Madam, abin da kike so tafiya biyu ce a lokaci biyu. Ya ce Farin Ruwa yanzu yake da ƙarfi, amma yanzu ne hanyarsa ta fi muni, sai a jira ƙasa ta bushe kaɗan. Ya ce dorina kuwa sai da rani, idan kogi ya janye yashi ya fito, kuma da sassafe ake ganinta, dole a kwana a bakin ruwa. Yanzu kogi ya cika ya yi ja, ko masunta ba su san inda take ba. Ya ce in zaɓi ɗaya. Na rubuta duk wannan a littafina, layi layi, har ina jin daɗin yadda rubutun ya yi kyau.

Kafin ranar aji, Hajiya ta zo gidana da ƙosai a kwano. Ta ce ƙanwata, kin san mu ne marasa yawa a ajin nan, idan aka bi na matar fasto matanmu za su ce dama an saba, ki sa a fara da kogi. Na ce to. Ranar Lahadi bayan sujada a coci matar fasto ta ja ni gefe ta ce 'yar'uwa, kada ki bari a ja mu tsakiyar ruwa a hannun mutanen da ba mu sani ba, ki sa a fara da dutse. Na ce to. Da na tsaya a gaban aji na buɗe littafin, na ga idanu daga taga da idanu daga ƙofa, sai na karanta sunayen garuruwan da za mu bi kawai, na tsallake sauran. Na ce za a ga duka biyun a Asabar ɗaya. Aka yi tafi. Da na koma wurin direba ya ce ai ya gaya mini ba zai yiwu ba. Na ce masa matan sun ji, sun ce a gwada. Ya ɗaga kafaɗa ya ce motarsa ba ta gardama da fasinja.

Mun tashi da safe, kowa ta ci ado, ga kuloli na shinkafa da dambu. Hajiya ta zauna kusa da ni, ta ɗaura sabuwar atamfa, tana tambayata ko gaskiya ne dorina na buɗe baki har mutum ya iya tsayawa a ciki. Bayan mun wuce Gwantu muka iso inda hanya ta rabu, direba ya taka birki ya juyo ya ce Madam Sakatare, ina muka nufa. Hajiya ta ce kogi mana, ai an gama magana. Matar fasto ta ce wace magana, ai Sakatare da bakinta ta ce mata dutse. Dukansu biyu suka kalle ni. Na ce da ƙaramar murya tunda dutsen ya fi kusa a fara da shi. Hajiya ta janye gefen zaninta da ke taɓa nawa.

Ba mu yi nisa da barin kwalta ba motar ta nutse a laka har gindi. Muka sauka muka tura, taya na watsa mana jan taɓo a fuska. Mun yi awa huɗu a wurin. Muna jin ƙarar ruwan daga nesa kamar jirgin ƙasa na zuwa, muna hango wani ɗan fari a jikin dutse, iyakar abin da muka gani ke nan. Da mutanen ƙauye suka taimaka aka fito da motar, rana ta karkata. Wata daga matan taga ta ce to yanzu sai a kama hanyar kogi. Direba ya yi dariyar takaici ya ce wane kogi, ko an tashi yanzu sai duhu, kuma dorina a wannan wata sai dai a hoto, ai ya gaya wa Sakatare tun farko, a gabansa ta rubuta.

Edita, abin da ya biyo baya shi ya sa na ɗauki biro. Hajiya ta juyo ta tambaye ni ko gaskiya ne. Ta ce ƙanwata, da na kawo miki ƙosai kin riga kin sani? Kafin in buɗe baki wata a bayanta ta ce me za a tambaya, ai shiri ne, a coci aka ƙulla shi, an kawo su daji ne a wulaƙanta su. Matar fasto ta yi tsalle ta shiga gabana ta ce kada wanda ya taɓa 'yarsu, ai Sakatare ta yi daidai da ta ƙi kai mu inda za a kife jirgi da mu. Aka ce wa zai kife. Aka ce ku kuka san halinku. Daga nan maganar dorina ta ɓace, aka shiga ta wa ya ƙona shagon wa, wa ya zo garin daga baya, ƙasar ta uban wa ce. Mata masu jikoki, taɓo har gwiwa, suna nuna wa juna yatsa. Malama tana roƙo tana kuka. Ni kuwa ina tsaye a bayan matar fasto. Na san babu wani shiri. Na san kalma biyar za ta kashe wutar, in ce ni ce na yi ƙarya. Amma a bayanta babu mai iya kai mini hannu, kuma na ji daɗin hakan. Na yi shiru. A hanyar dawowa Hajiya ta koma kujerar baya, wurin da ke kusa da ni ya zo Kafanchan babu kowa.

Ajin bai sake haɗuwa ba. Matan taga suka daina zuwa, daga baya na ji sun sami wani malami a unguwarsu. Shekara tara ke nan, har yau idan na bi ta layin atamfa Hajiya takan amsa gaisuwata, amma da Madam take kirana. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ni mai haƙuri ce, ashe tsoron ɓacin ran mutane ne kawai nake yi wa suna mai kyau. Shi ya sa nake roƙon duk wanda aka ba tsara tafiya ko wani abu na jama'a, idan wanda ya san hanya ya ce a zaɓi ɗaya, ka dawo ka faɗa yadda ya faɗa, a yi fushin a cikin aji inda kowa zai iya komawa gida da ƙafarsa. Kada ka ce to ga mutum biyu a kan abu ɗaya, musamman a garin da zuciya ba ta gama hucewa ba.

Washegarin tafiyar Lahadi ce. Na yi wanka na sa kayan coci, amma sai na bi ta unguwar su Hajiya, inda rabona da shiga tun kafin rikici. Na same ta a tsakar gida tana wanke atamfar jiya. Ba ta ba ni kujera ba. A tsaye na gaya mata komai, cewa matar fasto ba ta san abin da direba ya ce ba, cewa babu wanda ya ƙulla komai sai ni da bakina. Ta bari na gama, ta matse zanin, sannan ta ce ita ba ta da amfani da wannan magana a tsakar gidanta. Ta ce a gaban mutane aka kira su masu kife jirgi, in ina da gaskiya in kai ta can coci inda ake yi mini kirari.

Na fita na kama hanyar coci da sauri. Na tarar an kai lokacin sanarwa, matar fasto ta hango ni ta matsa ta ba ni wuri tana murmushi. Ban zauna ba. Na wuce ta na je gaba, na ce wa mai sanarwa ina da magana.