Numfashin Gunvor

Ƙarfe bakwai saura kwata Gunvor Hedlund take sauka daga bas a nan garin Umeå. Ta buɗe kamfaninmu na haɗa wasannin bidiyo, ta dafa kofi na mutum ashirin da ba su iso ba, ta zuba nata ta shige ɗakin ɗaukar sauti, wanda ko taga ba shi da ita. Shekara ashirin da uku tana haka. Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki, ni kuwa na rantse ba za ta tafi a ɓoye ba.

Jaruman wasanninmu ba sa magana. Da gangan muke rufe musu baki, don mai wasa ya ji shi ne a ciki. Ni, Majken, nake rubuta maganar kowa, daga mai sayar da kifi har shugaban ɓarayi, ban da jarumi. Amma ko bebe yana numfashi. Haki in ya hau dutse, nishi in ya faɗi, ajiyar zuciya in ya tsira, duk Gunvor ke haɗa su.

A wasanmu na bara, mai wasa ne zai zaɓi jaruminsa, namiji ko mace. An ɗauko ɗan wasan kwaikwayo ya yi numfashin namijin, na macen kuwa aka yi ta gobe jibi. Saura mako uku a rufe aiki, shugabanmu Pontus ya tara mu.

"Ko mu matse na namijin da na'ura ya yi siriri, ko mu cire macen," in ji shi. "Ai ba magana take yi ba, wa zai gane?"

"'Yarka za ta gane," in ji Gunvor. "Mace ba namiji ba ce da aka shaƙe wa wuya, Pontus."

"To, sarkin gardama, ina za ki samo wadda za ta yi haki sau dubu a mako uku?"

"Ga ta kana kallo."

Aka kwashe da dariya. Shekarunta sittin da huɗu, ga asma. Pontus ya tambaya wa ke goyon bayanta. Mu biyar ne mata a ɗakin ban da ita, babu wadda ta ɗaga hannu. Ni na ƙura wa burodin kirfa da ke gabana ido kamar shi aka tambaya. Har yau ina jin kunya. Aka tsaya a kan in ba ta gama ba ranar da aka sa, macen ta fita daga wasan.

Gunvor ba ta yarda da hakin da ake yi a zaune ba. Ta ce kunne yana gane shi yadda harshe ke gane miyar da ba gishiri. Sai ta maƙala makirufo a wuyan rigarta, ta riƙa hawa benenmu mai hawa tara da ƙafa, kullum da safe kafin jama'a su cika shi da hayaniya. Senait, mai share ginin, ta same ta zaune a hawa na bakwai, leɓe ya canja launi, abin shaƙar asma a hannu. Senait ɗin ce ta ba ni labari.

"Na ce mata, ke, a kan 'yar tsana za ki kashe kanki? Sai ta ɗaga mini yatsa in yi shiru, wai na'ura tana ɗauka."

Akwai inda jarumar ke faɗawa ruwan ƙanƙara. Ranar Lahadi Gunvor ta je ramin da masu wankan hunturu suka fasa a ƙanƙarar da ta rufe tafki, ta shiga. Na saurari abin da ta ɗauka. Bayan ta fito babu muryar kowa, babu mai miƙa mata tawul, haƙoranta ne kawai ke kaɗawa. Mijinta ya rasu shekara goma ke nan, mu kuma babu wanda ya tambaye ta ina za ta.

Ranar da aka sa, ta miƙa aikin cif. Macen ta zauna a wasan. Pontus ya ce madalla, ya wuce zancen gaba. Da wasan ya fito, sunan ɗan wasan kwaikwayon yana sama, na Gunvor yana can ƙasa cikin sauran ma'aikata. Raina ya ɓaci, na tashi zan je in yi faɗa, ta riƙe ni.

"Bar shi, Majken. In masu wasa suka san tsohuwa ce ke haki, sai su daina jin su ne."

Ke ce mai aiki ba don a gani ba, Gunvor. Yarinyar da ta zaɓi macen a yau ba ta san da ƙirjinki take gudu ba. Walimar sallamarki mutum takwas ne suka zo, sauran wai suna da taro. Kika yanka kek, kika wanke farantai, kika bi bas ɗinki.

Na gode, kuma ki yafe mini. Ku matasan da kuka gaji ɗakinta, ku yi aikin da gaske ko da ba mai tafa muku, kuma ku riƙa leƙa na kusa da ku.

Jiya na kunna wasan, na zaɓi macen, na kai ta ƙolin dutse na tsayar da ita. Na zauna ina jin kina haki har ya lafa. Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanina da ke, sai da kika tafi na zauna na saurare ki.