Mai Turin Arabiyya a Tseren Santambul

Duk wanda ya zauna unguwar Misfala a Makka ya san Mukhtaru mai turi, ko da ta ƙeya ce. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tura arabiyya a Harami, keken nan da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da sa'ayi. Kakansa da ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina, ya shekara bakwai a hanya. Shi kuwa Mukhtaru a Makka aka yanke masa cibiya, kuma in ka cire Jidda da Madina bai taɓa leƙa ko'ina ba.

Ranar da ya je sabunta tasrihinsa, wato takardar izinin turi, sai ya tarar da sabon mai kula da su, wani saurayi Mish'al, wanda a haife Mukhtaru ya haife shi. Saurayin ya duba takarda, ya duba furfura.

"Ya Ammi, baffana, shekara hamsin da tara fa. Ƙafafun nan sun gama aikinsu. Khalas, je ka huta."

Da da rashin kunya ya faɗa, da an san yadda za a yi da shi. To, cikin tausayi ya faɗa, kuma a gaban abokan aiki. Abin ya yi wa Mukhtaru ciwo ba kaɗan ba. Mafi muni ma, tun daga ranar sai ya riƙa kama kansa yana sauraren gwiwoyinsa in yana hawa bene, yana cewa a ransa, anya yaron nan ba gaskiya ya faɗa ba?

Nan ne Santambul ta faɗo masa. Haka yake kiran Istanbul, yadda ya ji a bakin kakansa. Garin da bai taɓa gani ba ne, amma ya san shi ciki da bai, albarkacin wani tsoho Baturke, tsohon matuƙin jirgin fito, da yake zuwa umara duk azumi, kuma ba ya yarda kowa ya tura shi sai Mukhtaru. In sun idar sun zauna shan zamzam, sai tsohon ya ɓarke da labari cikin guntun Larabcinsa: masallaci mai hasumiya shida, Aya Sofiya, tsohon ɗakin ibadar da ya ga zamani iri-iri, ganuwar da ta bi bakin teku, sarkin da ya sa aka ja jiragen ruwa ta kan tudu har ya ci garin. Shi ne kuma ya ba shi labarin tseren da ake yi duk shekara, a tashi daga nahiyar Asiya, a haye gada, a ƙare a Turai, kilomita arba'in da biyu.

Mukhtaru bai san kilomita ba, sa'ayi ya sani. Ya sa 'yarsa Dalal, ma'aikaciyar jinya, ta yi masa lissafi, ta ce sa'ayi goma sha uku ne da ɗoriya, kuma awa shida ake bayarwa, wanda ya wuce haka babu lambar yabo.

"Sha uku kacal, kuma babu ƙato a gabana? Rubuta sunana."

"Abuya, gudu fa ake yi."

"Na ji. Rubuta."

Wata biyar ya yi yana fita bayan asuba, ya bi hanyar Kudai ya dawo. 'Yan majalisar mai shayi suka samu abin yi, wannan ya ce Mukhtaru wa ya biyo ka, wancan ya ce a tsaya a kama ɓarawon. Ko kallo ba su ishe shi ba. Abin da ya ba shi wuya hannuwansa ne, don da ya fara sauri sai su miƙe gaba da kansu suna neman abin riƙewa, sai da Dalal ta yi ta faɗa kafin suka koyi lanƙwasa.

Ranar tsere sanyi ya ce salamu alaikum. Mukhtaru ya tsaya cikin dubban mutane da dogon wandonsa, ya miƙa wa Dalal, da ta rako shi garin, wayarsa, wai nauyi. Ƙarfe tara aka sake su. A kan gadar ya leƙa ƙasa ya ga jiragen fito suna kai da komo, ya tuna tsohon Baturkensa, ya yi masa addu'a. Suka gangara, suka wuce wata gadar da masunta ke jefa ƙugiya, suka tsallaka layin taragu, jirgin ƙasan cikin gari, suka miƙe hanyar bakin teku, ganuwa a gefe. Samarin da suka wuce shi da fari ya riƙa tarar da su ɗaya bayan ɗaya sun dafe ƙugu. Shi dai taku ɗaya yake yi, yana ƙirga sa'ayinsa a zuci. Ya shiga na goma ke nan aka kira azahar.

Ƙafafun suka tsaya tun kafin ya yi shawara da su. Ya san matafiyi yana iya haɗa azahar da la'asar, shi da yake gaya wa alhazai hakan. Amma mutumin da ya tashi inda ake rufe kanti a bar ciniki da jin kiran salla, ba yau za a koya masa wucewa ba. Ya koma gefe, ya karɓi ruwan gora a teburin masu raba ruwa, ya kwance takalmi da yatsun da sanyi ya ƙandarar, ya yi alwala. Sannan ya ɗaga kai yana neman hasumiyar agogo.

Ai a Makka haka ake yi. Ko'ina salla ta same ka, ka ɗaga kai ka hango agogon nan da ke bisa Harami, ka fuskance shi, shi ke nan. Nan kuwa sai gajimare da tsuntsayen teku. Ya juya dama, ya juya hagu, ya sake juyawa. Shekara hamsin da tara, bai taɓa tambayar kowa alƙibla ba, shi ake tambaya. Kunya ta kama shi, da wani irin kaɗaici da bai san da shi ba, har idonsa ya ciko.

Masu raba ruwan ba sa jin Larabci. Ya ɗaga hannuwa kamar mai kabbara, suka ɗauka ciwo ne, suka fara neman motar asibiti. Da ƙyar wani dattijo mai shara ya gane, ya kama kafaɗunsa ya juya shi ya fuskanci teku, ya shimfiɗa masa kwali. Mukhtaru ya dubi ruwan nan da ba a ganin ƙarshensa, ya ce a ransa, ashe gida yana can baya da wannan duka. Ya yi raka'a biyu.

Tashi ne ya zama aiki. Wanda ya yi awa huɗu yana gudu ya durƙusa a kan sanyi, cinyoyinsa ba sa yafe masa. Ya ja su a hankali har suka saki, ya koma takunsa. Can wajen sa'ayi na sha biyu motar da ke kwashe waɗanda suka gaza ta iso shi, direba ya buɗe ƙofa yana yafito shi. Mukhtaru ya girgiza kai. Motar ta ɗan bi shi, ta gaji ta wuce. Aka buɗe hanya, motoci suka shigo, ya hau gefen masu tafiya da ƙafa, yana ratsa masu yawon buɗe ido da masu gasa masara, har ya kama hawan ƙarshe.

Ko da ya iso filin masallaci mai hasumiya shida, inda tseren yake ƙarewa, ma'aikata sun kashe agogo suna naɗe kafet. Ya taka inda layin ƙarshe yake, ya tsaya. Dalal ta rugo ta rufa masa bargo tana kuka.

"Minti nawa na makara?"

"Sha huɗu, Abuya. Sun ce babu lamba. Da ka bari ka haɗa da la'asar..."

"Tsaya." Ya dafa kafaɗarta yana haki, leɓunansa suna motsi. "Alwala, da neman alƙibla, da sallar, da tashi. Ba su kasa minti ashirin da biyar ba."

Ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa, suna rawa, jini ya ɓullo ta saman takalmin hagu. Ya daɗe yana kallonsu.

"Ashe sun isa," in ji shi a hankali. "Dalal, ashe sun isa."

Ta share hawaye, ta sa kafaɗa za ta tallafe shi zuwa tashar taragu. Ya zame hannunsa, ya ce ta wuce gaba kawai ta nuna hanya, da kansa zai taka.